Fumfuna a Ɗakin Haya: Ƙazantar Ɗan Haya ce ko Aibin Gini?

Da zarar ruwan Agusta ya kankama, bangon ɗakunan haya da yawa a Kano da Zariya da Kaduna sai ya fara baƙi-baƙi daga kusurwa, takalma da akwatin lefe su yi fumfuna, ɗaki ya riƙa warin rima. Daga nan sai gardama ta tashi. Mai gida ya ce ɗan haya ne ba ya tsafta, ɗan haya ya ce gidan ne ruɓaɓɓe, maƙwabta kuma kowa da maganinsa. Yawancin waɗannan maganganu suna kauce wa abu guda: fumfuna halitta ce mai rai, ƙwayoyinta suna yawo a iskar kowane gida, na mai tsafta da na ƙazami, kuma ba ta tsirowa sai inda ta sami danshi mai ɗorewa. Saboda haka tambayar da za ta raba gardama ita ce, daga ina ruwan yake zuwa?

Zargin ƙazanta shi ne mafi yaɗuwa, kuma shi ne mafi rauni. Shara da goge-goge ba sa hana ruwa ratsa bulo. Ruwa kan shigo ta sama, idan kwano ya huje ko indararo yana zuba a jikin bango, sai a ga tabo a silin yana faɗi bayan kowane ruwa. Yakan shigo ta gefe, ta tsagar filasta ko famfon banɗaki da ke yoyo a cikin gini. Yakan kuma taso daga ƙasa, idan magini bai sa ledar tare danshi a harsashi ba, ko an cike tsakar gida har ta fi daɓen ɗaki tudu. Alamar wannan na ƙarshe ba ta ɓuya: danshin yakan tsaya ƙasa-ƙasa, da wuya ya wuce mita 1, fenti ya kumbura, wani farin gari ya fito. Farin garin nan da ake cewa kanwa ce ke cin gini ba fumfuna ba ne, gishirin ƙasa da na siminti ne da ruwa ya ɗauko ya bari a waje bayan ya bushe. Duk waɗannan hanyoyi aibin gini ne, kuma babu tsintsiyar da za ta gyara su.

Masu gidaje suna da hujjar da ya kamata a saurara. Sukan ce, ga ɗakuna biyu a jere, gini ɗaya, amma ɗaya ne kawai ya yi fumfuna. Akwai gaskiya a ciki. Girki a ɗaki, shanya jiƙaƙƙun kaya a ciki, rufe taga dare da rana saboda sauro ko ɓarayi, da manna gado da kabad a jikin bango, duk suna tara tururi, ya kwanta a bangon da ya fi sanyi. Wannan kason na ɗan haya ne, kuma buɗe taga da janye kaya daga bango kamar tafin hannu yana rage shi ƙwarai. Sai dai hujjar tana da iyaka. Ɗakin da aka tsaga daga falo don a ƙara kuɗin haya, mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabci, ba halin mai zama cikinsa ne ya hana shi shan iska ba. Akwai ma gwaji mai sauƙi: a manna farar leda a bangon da salatif, a toshe gefunanta, a bar ta kwana 2. Idan raɓa ta taru a bayanta, ta ɓangaren bango, ruwan daga ginin yake. Idan a fuskarta ta taru, daga iskar ɗakin yake.

Sai batun fenti, wanda shi ne abin da dillali ya fi saurin alkawartawa. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango rufa-rufa ce, fumfunar za ta sake ɓullowa, fentin ya ɓare. Turaren wuta ma wari kawai yake dannewa. Ruwan bilic irin su Hypo yana kashe ta a kan tayil da gilashi, amma ba ya kai wa ga wadda ta shige cikin silin ko katifa, kuma haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid yana fitar da iska mai guba. Mafi haɗari shi ne shawarar a kunna gawayi a rufe ɗaki don ya bushe, domin hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci. Masu cewa a yi haƙuri hunturu zai busar da komai suna da rabin gaskiya: bangon zai bushe, amma ɓarakar tana nan tana jiran daminar baɗi.

A fannin lafiya jita-jitar ta rabu biyu, kuma kowane ɓangare ya zarce. Fumfuna ba ta haddasa tarin fuka, wannan ƙwayar cuta ce daban da ake ɗauka daga numfashin mai ita. Amma cewa muni ne kawai ba ta da illa, shi ma kuskure ne. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, shesshekar numfashi da tsanantar asma. Jarirai, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su ne a gaba. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ne, ya rasu a Disambar 2020. Binciken kotu na Nuwambar 2022 ya tabbatar cewa daɗewa yana shaƙar fumfuna a gidan hayarsu ne sanadi. Mahaifinsa ya kai kuka tun 2017, aka ce masa ya shafe wurin da fenti, daga baya ma aka ɗora laifin a kan yanayin zaman iyalin. Dokar da aka sa wa sunan yaron ta fara aiki a Oktobar 2025, tana tilasta wa hukumomin gidajen gwamnati na can su duba irin wannan ƙorafi cikin ƙayyadadden lokaci. Danshin Ingila galibi na sanyi ne, namu galibi na ruwan sama da ƙasa, amma huhun yaro bai san wannan bambanci ba.

Ana kuma zuga ɗan haya cewa ya riƙe kuɗin haya har sai an gyara. Wannan shawara ce mai jefa mutum cikin rigimar tashi, balle a inda ake biyan kuɗin shekara tun farko, ba abin da ya rage a hannu da za a riƙe. Abin da ya fi ƙarfi shi ne hoton bangon mai ɗauke da kwanan wata, saƙo a rubuce zuwa ga mai gida ko wakilinsa, da yarjejeniya gaban shaidu cewa in ɗan haya ya yi gyaran za a cire daga hayar gaba. Mai neman gida da rani kuwa ya duba gindin bango da bayan ƙofa, ya tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya a layin, ya kuma nemi dalili idan ya ga sabon fenti a bango ɗaya tak.