Tuwo ko nama? Tambayar da ke damun matan Zangon Kumasi

A Aboabo da Asawase da Sabon Zango ana yawan jin mata suna ba juna shawara cewa mai son rage tumbi sai ta bar tuwon zafi da shinkafa ta koma nama da ƙwai. Niyyar mai kyau ce, amma takan karya gwiwar uwar da kuɗin cefanenta bai kai na kaza ba, har ta ɗauka lafiya ta masu hali ce.

Matsalar da ake gudu game da tumbi tana da alamu biyar: ƙugun mace ya kai santimita 80, awon jini ya kai 130 bisa 85, sukarin jini kafin karyawa ya kai 5.6, maiƙon jini ya yi yawa, sannan kitse mai kare jijiya ya yi ƙasa. In uku daga ciki suka haɗu, likita zai ce jiki ya rikice wajen sarrafa abinci, kuma ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki suna iya biyo baya. Abin ba ya ciwo da farko, shi ya sa ake sakaci da shi. Binciken RODAM da aka yi tsakanin 2012 da 2015, wanda Jami'ar KNUST ta Kumasi ta shiga, ya gano cewa kusan mace ɗaya cikin uku a biranen yankin Ashanti tana da ƙiba mai yawa, alhali a ƙauyuka ba su kai ɗaya cikin goma ba.

To, tsakanin tuwo da nama, wanne ya fi? A 2009 masana a Amurka, ƙarƙashin Frank Sacks na Jami'ar Harvard, sun buga sakamakon bin mutum 811 tsawon shekara biyu. Wasu an ƙara musu furotin, wasu sitaci, kowa kuma an rage masa yawan abin da yake ci. Nauyin da suka zubar kusan ɗaya ne. Waɗanda suka fi cin riba su ne waɗanda suka jure.

Furotin yana da nasa amfani, ba a musu. Yana riƙe ciki, kuma yana hana tsoka zubewa yayin da mace ke ramewa, musamman in tana motsa jiki. Sai dai ba a wurin mahauci kaɗai yake ba. Wake, tubani, gyaɗa, wagashi, busasshen kifi da ƙwai duk suna kasuwar Kejetia. Faranti na wake da shinkafa da waken ya rinjaya, aka rage taliya da garin rogo da mai, abinci ne na kirki. Inda ɓarnar take shi ne kokon da aka cika wa sukari, da lemon kwalba, da malmala biyu da daddare a kwanta a kai. Gwamnatin Ghana ma ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 kan abin sha mai zaƙi a 2023. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ta ƙara furotin sai da izinin likita.

Motsa jiki ne aka fi mantawa. Mai sayar da abinci takan ce ai ta gaji da aiki, amma wuni a kan kujera gaban tukunya ba ya ƙone sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Tafiya da sauri bayan sallar asuba tare da maƙwabciya ta isa farawa, kuma ya kamata mazaje da malaman makarantun Islamiyya su ƙarfafa hakan, kada su mai da shi abin kunya.

Hajiya, ki sa tef ɗin tela a ƙugunki, sannan ki je asibitin unguwa ko na Komfo Anokye a auna miki jini da sukari kafin ki sauya tukunya.