Hoton Zuciya: Abin da Ido Bai Gani Ba, Na'ura Ta Fara Karantawa

A kowace shekara kimanin mutum 350,000 ne ake ɗaukar hoton zuciyarsu da na'urar sikana a ƙasar Birtaniya, akasarinsu saboda ciwon ƙirji. Mafi yawansu da albishir ake sallamar su, a ce musu jijiyoyinsu ba su toshe ba, su koma gida. Sai dai wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a shekarar 2024 ya nuna cewa wannan albishir da sauransa. An bi diddigin mutum 40,091 da aka yi wa hoton a asibitoci takwas na ƙasar. Kashi 81 cikin 100 ba a ga wata toshewa mai tsanani a jijiyoyinsu ba, amma kusan kashi biyu cikin uku na munanan larurorin zuciyar da suka biyo baya, har da mutuwa, daga cikin waɗannan da aka sallama suka fito.

Kafin a gane dalili, sai an san yadda ciwon yake. Zuciya tsoka ce da ke bugawa wajen sau 100,000 a yini, kuma ita ma tana bukatar abinci. Wasu ƴan siraran jijiyoyi ne da ke kwance a bayanta suke kai mata jini. Da shekaru suka tura, musamman ga mai hawan jini, ko ciwon suga, ko mai shan taba, sai maiƙo ya riƙa taruwa a cikin bangon jijiyar yana daskarewa. An daɗe ana ɗauka cewa haɗarin yana wurin da hanya ta fi matsewa, kamar yadda shara ke cushe magudanar ruwa. Daga baya aka gane cewa sau da yawa ƙaramin tarin maiƙo ne, wanda bai tare hanya ba amma yana da kumburi a cikinsa, yake fashewa rana tsaka. Jini ya dunƙule a kansa, hanya ta rufe cikin ƴan mintoci, sashen zuciya ya fara mutuwa. Shi ke nan sai a ji an ce wane lafiyarsa ƙalau da safe, kafin la'asar an yi jana'izarsa.

Ita sikana wani injiniya ne Bature, Godfrey Hounsfield, ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan mara lafiya a Landan a 1971. Ba hoto kawai take bayarwa ba. Kowane ɗigo a cikin hoton yana da lamba gwargwadon kaurin abin da hasken ya ratsa: ruwa sifili, iska 1,000 ƙasa da sifili, kitse wajen 100 ƙasa da sifili, ƙashi kuwa can sama. Idon ɗan Adam launin toka kaɗan yake iya bambancewa, na'ura mai ƙwaƙwalwa kuwa lambobin take karantawa ɗaya bayan ɗaya, ba ta gajiya. A 1990 likitan zuciya Arthur Agatston na birnin Miyami a Amurka ya fito da hanyar ƙirga sinadarin kalsiyam da ke maƙalewa a jikin tsohon tarin maiƙo. Wanda makinsa ya zama sifili haɗarinsa kaɗan ne a shekaru masu zuwa, wanda ya haura 400 kuwa yana cikin babban haɗari. A da ma'aikaci ne ke bin hotunan yana yin alama da hannu. Yanzu na'ura na yin wannan lissafi cikin daƙiƙoƙi, har a hoton ƙirjin da aka ɗauka don duba huhu.

Amma kalsiyam tabo ne na tsohon rauni, bai nuna inda wuta ke ci yanzu. A nan ne aikin Farfesa Charalambos Antoniades da abokan aikinsa na Jami'ar Oksfod ya shigo, kuma a ganina shi ne mafi ban sha'awa a wannan fage. Sun bar kallon cikin jijiya, suka koma kan kitsen da ke lulluɓe da ita ta waje. A 2017 suka nuna cewa jijiya mai kumburi tana fitar da wasu sinadarai da ke hana ƙwayoyin kitsen da ke maƙwabtaka da ita tara mai, sai su zama ƙanana, ruwa ya fi yawa a wurin. Wannan canji ba ya ganuwa da ido, amma lambar wurin tana matsawa daga ta kitse zuwa ta ruwa. Wato maƙwabci ne ke tona asirin abin da ke faruwa a cikin gida. A 2018 suka gwada ma'aunin a kan hotunan mutum kusan 3,900 daga Jamus da Amurka, suka tarar waɗanda kitsensu ya nuna kumburi sun ninka sauran sau da yawa wajen mutuwa ta dalilin zuciya.

Manhajar da aka gina a kan wannan ilimi, mai suna CaRi-Heart, tana haɗa ma'aunin kumburi da yawan tarin maiƙo, da shekarun mutum, da hawan jini, da suga, da shan taba, sannan ta fitar da ƙiyasin haɗarinsa na shekaru takwas masu zuwa. Da aka nuna wa likitoci sakamakonta a kan marasa lafiya 744, sun canza maganin kashi 45 cikin 100 daga cikinsu: wani aka fara ba shi maganin rage maiƙon jini da ake kira statin, wani aka ƙara masa ƙarfinsa. A 2024 wasu asibitocin gwamnati biyar na Ingila suka shiga gwada ta.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin duba ko iƙirarin sanin gaibu. Na'urar ba ta san ajalin kowa ba. Abin da take faɗi shi ne, cikin mutum ɗari masu irin wannan hoto, kaza ne suka kamu a baya. Kamar manomi ne da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanyarsa. Wata rana ruwan ya sauka, wata rana iska ta watsa shi.

Akwai kuma wuraren da ya kamata a yi taka-tsantsan. Binciken na 2024 kallo ya yi ya ƙirga, bai raba mutane gida biyu don a ga ko bin shawarar na'urar na rage mutuwa ba. Irin wannan gwaji an yi wa hoton sikanar shi kansa a Sikotlan, kan mutum 4,146, inda bayan shekara biyar aka samu kashi 2.3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hoton sun kamu ko sun rasu, a kan kashi 3.9 na waɗanda ba a yi wa ba. Sirrin kuwa ba tiyata ba ne, fara shan magani da wuri ne. Sannan shi Farfesa Antoniades yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Caristo mai sayar da manhajar. Wannan ba laifi ba ne, amma mai tallar fura ba ya cewa nononsa ya yi tsami, don haka ana bukatar wasu su tabbatar.

Abin da ya fi shafar mu shi ne a kan wa na'urar ta yi karatu. Wani babban bincike da aka fara a Amurka a 2000 kan mutum 6,814 ya samu kalsiyam a jijiyoyin kashi 70 cikin 100 na fararen maza, amma kashi 52 kawai na baƙaƙen maza, alhali hawan jini ya fi yawa a cikin baƙaƙen. Ma'aunin da aka yanka a jikin Bature ba lallai ya zauna daidai a jikin mutumin Maraɗi ko Garwa ba, sai an gwada shi a kanmu.

Shi kansa hoton ba na kowa da kowa ba ne. Yana bukatar sikana mai sauri ƙwarai, da maganin rage gudun zuciya, da allurar wani ruwa mai aidin wanda sai an duba lafiyar ƙoda kafin a yi ta, ga shi kuma akwai ɗan haske mai illa idan an yawaita. Kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin magidanta. Amma abubuwan da na'urar ke haɗawa da hoton, wato tansiyo da suga da maiƙon jini da taba, duk ana iya auna su ko a bar su ba tare da an je Turai ba, kuma maganin da sakamakonta ke kai likita ga rubutawa yana nan a kantunan magani na garuruwanmu. Wanda kuwa ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji yana yaɗuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi, da zufa da haki, ya wuce ƴan mintoci bai saki ba, ba maganar ƙiyasi yake ba. A kai shi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.