Ɓarakar da ke Ɓoye Cikin Wayar Hannu

Wayoyin Android da yawa da ke hannun jama'a a Talata Mafara da Bakura da Maradun suna ɗauke da wani sashe mai zana hotuna, mai suna Mali, ƙirar kamfanin Arm na Ingila. Manhajar da ke sarrafa shi tana zaune ne a zuciyar tsarin wayar, inda ake tsare ma'adanar bayanai.

A watan Oktoba na 2023 Arm ya sanar da wata ɓaraka a cikinta, wadda masu binciken Google suka gano. Ta nan muguwar manhaja kan iya leƙa bayanan da ba nata ba. An toshe ɓarakar, amma gyaran ba ya isa waya sai an sabunta ta. Don haka ya kamata ɗalibi ya riƙa duba ranar sabuntawar tsaron wayarsa.