Kabarin da Ba a Yi wa Rufi Ba

Ɗalibin da ya taso daga Gubi, mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana tafe da sunan mutumin a katinsa na makaranta, da hotonsa a naira biyar ɗin da yanzu ko ruwan leda ba ta saye. Da zai ratse zuwa titin Ran a cikin garin Bauchi, da ya tarar da makwancin mai sunan, wanda aka fara gina shi a 1977, aka buɗe a 1979.

Ginin kansa darasi ne. Mai ziyara yakan fara kutsawa cikin wani lungu mai duhu, alamar zamanin mulkin mallaka, yana lalube har haske ya soma ratsowa kaɗan-kaɗan. Can sai ya ɓulla wani fili mai dogayen bangwaye, sama a buɗe, ga kabarin a tsakiya, rana ta doke shi, ruwa ya jiƙa shi kamar na kowane talaka. A ɗakin adana kayan tarihi kuwa an jera 'yan abubuwan da ya bari, irin su rediyo da agogon hannu. Ƙarancinsu shi ke kashe jikin mutum, ganin mai su ya riƙe kujerar Firayim Minista tun 1957 har daren juyin mulkin 15 ga Janairun 1966.

Sai dai ni a ganina labarin da ginin ke bayarwa ya yi laushi da yawa. Siyasar Bauchi ba daga mutum ɗaya ta tsiro ba, daga gardama ta tsiro. A shekarun 1940, Tafawa Ɓalewa, malamin Makarantar Midil ɗin nan da ya rubuta littafin Shaihu Umar, yana zama dandalin muhawara guda da Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Shi yana son a gyara mulkin En'e a hankali, su kuwa suna ganin tafiyar hawainiyar ta isa haka. Daga baya shi ya tsaya a jam'iyyar NPC, Malam Aminu ya ja ragamar NEPU. A Kano an mai da Mambayya, gidan Malam Aminu, cibiyar nazarin siyasa, Kaduna na da Gidan Arewa na Sardauna. Zungur, ɗan Bauchi da ya rasu a 1958, ya cancanci a ware masa ko da bango ɗaya a titin Ran, daura da abokin gardamarsa.