Asibitin Malam: Daga Ɗakunan Aro Zuwa Dashen Ƙoda

A Ƙaraye ko Rogo, da zarar an ce "an wuce da shi Asibitin Malam", sai jikin kowa ya yi sanyi. An san ciwo ya gagari asibitin gari ke nan. Wasu mutanen Rogo kan yanki hanya su nufi asibitin Shika na Zariya, amma akasari Kano ake dosa, da tabarma da filas ɗin kunu da kuɗin buhun masarar da aka sayar a gurguje.

Da yawan masu zuwa ba su san asibitin bai kai shekara arba'in ba. Gwamnatin tarayya ta kafa shi a matsayin asibitin koyarwa a watan Agustan 1988, domin ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero su sami inda za su taɓa majinyaci da hannunsu. A Asibitin Murtala da ke cikin birni ya raɓa, sai a 1996 ya tare a mazauninsa na Titin Zariya, ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, jagoran talakawa da ya rasu a 1983. Farfesa Sadiq Wali ne ya fara riƙe ragamarsa. A 2002 aka yi dashen ƙoda na farko a nan, abin da babu asibitin gwamnati a Nijeriya da ya riga shi yi.

Kalmar "koyarwa" ɗin nan ita ce mutanenmu ba su cika kula da ita ba. Ka kwanta a gado, da safe babban likita ya shigo, matasa goma cikin fararen riguna na biye da shi. Ya danna cikinka, ya juya ya jefa wa ɗaya tambaya da Turanci. Na taɓa jin wata dattijuwa tana gunaguni: "Ɗan nan, ni magani na zo nema ko kallo?" Tana da gaskiyarta, ya kamata a nemi izininta tukuna. Amma yarinyar da ke rawar murya wajen amsawa, wata rana ita za ka tarar a ɗakin haihuwa na Ƙaraye da tsakar dare.

A tsari, asibiti irin wannan matakin ƙarshe ne. Ana farawa daga asibitin sha-ka-tafi, a je babban asibitin ƙaramar hukuma, shi kuma ya rubuto takardar turawa. Sai dai idan matakan ƙasa ba likita, ba jini, ba wuta, mai zazzaɓi da mai wankin ƙoda layi ɗaya suke bi a Kano. Shi ya sa za ka bar Rogo da asuba, ka isa Emajensi da hantsi, a ce maka babu gado.