Rundunar Turkiyya a Yaƙin Koriya: Jarumta Ba Ta Isa Sai da Tsari

A ranar 25 ga Yulin 1950 gwamnatin Adnan Menderes ta yanke shawarar tura sojoji Koriya a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Birged guda aka haɗa, mai mutum kimanin 5,000, ta tashi daga Iskenderun, ta sauka Busan a watan Oktoba. Ƙashin bayanta shi ne rajimanti ta 241 mai bataliya uku ta sojan ƙasa, ga kuma bataliyar manyan bindigogi. Birgediya Janar Tahsin Yazici ne babban kwamanda, Kanar Jalal Dora na riƙe da rajimantin. Tun daga nan matsala ta soma, domin kusan mutanen da Yazici ke ba umarni su ne dai mutanen Dora, sannan a samansu duka akwai janar-janar ɗin Amurka, waɗanda makamai da motoci da taswira ke hannunsu.

Wannan tsari ne ya ci rayuka a yankin Kunuri a ƙarshen Nuwamban 1950, lokacin da sojojin Sin suka kwararo. An tura Turkawa su tare hanya cikin duwatsu da tsananin sanyi. Yazici ba ya jin Turanci, tafintoci kaɗan ne, umarni kan zo a makare ko ya sauya kafin a gama fassara shi. Ga ƙarancin motoci, ga rashin labarin inda abokan gaba suke, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Duk da haka suka yi kwanaki suna fafatawa, har da wuƙar bakin bindiga, suka rage wa Sinawa sauri, amma birged ɗin ta fito da mummunar asara.

Wasu na cewa laifin na Turkawa ne, wai ba su ƙware a yaƙin zamani ba. Abin da ya faru a Kumyangjang-ni a Janairun 1951 ya rushe wannan zance: da aka ba su aiki bayyananne tare da runduna ta 25 ta Amurka, sun kori Sinawa daga tuddai, har Amurka ta karrama birged ɗin. Wasu kuma na ganin da an bar su su ci gashin kansu da an huta. To, mutum 5,000 da ba su da jiragen yaƙi nasu ba za su iya tsayawa su kaɗai ba.

Turkiyya ta shiga NATO a Fabrairun 1952, ana tsaka da yaƙin da ya lashe sojojinta fiye da 700 kafin ya ƙare. Duk ƙasar da za ta tura ’ya’yanta yaƙi a hannun wani, wajibi ne ta fara tantance wa zai ba da umarni, da wane harshe, kafin jirgi ya tashi.