Tabarau a Ɗakin Kemo

Mai fama da sankarar mama takan shafe awa guda ko fiye a kan kujera, maganin kemo na ɗiga cikin jijiyarta, bayan mako biyu ko uku kuma ta sake dawowa. Wasu tun kafin a soka allura zuciyarsu take fara tashi. Warin ɗakin kaɗai, ko ganin jan ruwan doxorubicin a cikin sirinji, ya isa ya tuno wa jiki wahalar zuwan baya.

Wannan zaman fargaba ne masu bincike suka sa a gaba da tabarau na VR, wanda ke rufe ido ruf ya nuna wa mutum wata duniyar kwamfuta. Da an ɗaura mata shi, sai ta ga kanta a bakin teku ko cikin daji, wata murya na ce mata ta ja numfashi sannu a hankali, ta bi shigarsa da fitarsa, in tunani ya kwashe ta, ta dawo da shi ba tare da zargin kanta ba. Horon tattara hankalin nan ya girmi na'urar: Jon Kabat-Zinn ne ya shigo da shi asibiti a Jami'ar Massachusetts a 1979, a matsayin darasi na mako 8. Sai dai wadda gajiya da tashin zuciya suka kayar, ina ta ga ƙarfin zuwa aji? Tabarau kuwa har kujerarta yake iske ta.

A Amurka, Susan Schneider ta Jami'ar Duke ta lura cewa matan da suka sa shi sukan ɗauka zaman bai kai tsawon da ya yi ba. A cibiyar kansa ta Pascale da ke Naples a Italiya, wani binciken da aka wallafa a 2020 ya raba mata 94 gida uku: masu tabarau, masu sauraron kiɗa, da masu kulawar da aka saba. Tabarau da kiɗa duk sun rage fargaba, amma tabarau ya ɗara.

A yi hattara dai. Yawancin binciken nan mutane kaɗan suka ƙunsa, kuma sauƙin da aka fi aunawa na lokacin zaman ne. Tabarau ba ya taɓa ƙarin sankarar ko kaɗan, ba ya maye gurbin maganin hana amai. Wasu ma jiri yake sa su, abin da mai shan kemo ba ta buƙatar ƙarinsa, kuma dole a goge shi tsaf kafin wata ta sa, tunda kemo na raunana garkuwar jiki.